Neman Aure A Bauchi: Ma'aunin Da Muke Auna Wasu, Mun Taɓa Hawansa?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Abuja ta ratsa Keffi da Akwanga da Jos ta gangara Bauchi, ya san akwai lokutan da takan cika da motoci masu manyan riguna rataye a baya: makonnin bayan Sallah da kuma ƙarshen shekara. Ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da hadiman manya, wasu za su ɗaurin auren abokin aiki, wasu kuma nasu auren suke tafiya nema. Tafiya ce ta kimanin kilomita 400, tsawonta ya isa a tattauna albashi da siyasa a gama, sannan a koma kan maganar da ba ta tsufa a bakin samari da gwauraye, wato irin matar da mutum yake so ya aura.

Amsoshin ba su cika bambanta ba. Ana son mai addini, mai kunya, mai haƙuri, mai ilimin da bai sa ta ɗaga kai ba, mai tsafta, wadda za ta riƙe dangin miji. A can Bauchi ma, ɗalibai mata na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, da malaman makaranta da ma'aikatan jinya, suna da nasu jerin: mai gaskiya, mai tausayi, mai sana'a, wanda ba ya duka ba ya zagi, wanda zai bar mace ta ƙarasa karatu ko ta ci gaba da aikinta. Duka jerin biyu masu kyau ne. Abin da ba kasafai ake ji ba shi ne mai lissafin ya tsaya ya tambayi kansa nawa ne daga cikin waɗannan halaye ke jikinsa. Alhali kuwa aure zaman mutum biyu ne, duk halin da ɗaya ya rasa, ɗayan ne zai ɗanɗana kuɗarsa.

Jerin ya girme mu

Halayen da ake nema a wurin miji ko mata su ne dai waɗanda Bahaushe ya daɗe yana auna mutumin kirki da su. A 1974 aka buga wata lacca da Anthony Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan ma'anar mutumin kirki a wurin Hausawa. Baturen Ingila ne da ya yi aikin mulki a Arewacin Nijeriya, ya koyar a Zariya, kafin ya koma Jami'ar Oxford. Halaye goma ya tattara: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Mai karatu zai lura cewa babu kyawun fuska a ciki, babu dukiya, babu muƙami.

Addini ma nan ya dosa. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ambaci abubuwa huɗu da ke jan hankalin mai neman mace, wato dukiya da asali da kyau da addini, ya kuma fifita na ƙarshen. Wani hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ɗora wa namiji irin wannan ma'auni, inda ya sa addininsa da ɗabi'arsa suka zama abin da waliyyi zai duba kafin ya ba shi aure.

Sauran al'ummun duniya ba su yi nisa da wannan ba. A 1989 masanin halayyar ɗan'adam David Buss ya wallafa sakamakon wani bincike da aka yi wa mutane fiye da 10,000 daga al'ummu 37, ciki har da Nijeriya. An sami bambanci tsakanin maza da mata: maza sun fi ba ƙuruciya da kyau muhimmanci, mata sun fi duba ƙarfin samun namiji. Amma abin da ɓangarorin biyu suka ɗora a sama shi ne kirki da fahimta da kaifin hankali.

Matsalarmu ta taso ne daga yadda muke raba waɗannan halaye goma idan an zo maganar aure. Haƙuri da kunya da ladabi sai a miƙa wa mace. Karamci sai a bar wa namiji, shi ma bayan an rage masa tsawo ya koma yawan akwatunan lefe. Gaskiya da amana da adalci, waɗanda su ne ginshiƙan zaman, sai su faɗi a tsakiya, kowa yana jiran su daga ɗan'uwansa.

Abin da baki ke faɗa da abin da ido ke bi

Akwai kuma tazara tsakanin abin da mutum yake cewa yana so da abin da zai zaɓa idan ya gani. A 2008 Paul Eastwick da Eli Finkel na Jami'ar Northwestern ta Amurka sun wallafa wani gwaji da suka yi da ɗalibai. Sun fara tambayar kowa irin halayen da yake nema, sannan suka haɗa su ganawa ta 'yan mintuna da mutane daban-daban. Abin da ya fito shi ne, jerin da mutum ya bayar tun farko bai nuna wanda zuciyarsa za ta karkata gare shi ba bayan an haɗu ido da ido. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan da cewa so hana ganin laifi.

Adabinmu ya daɗe yana juya wannan magana. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran Hausa na farko da aka buga a Zariya a shekarun 1930, labari ne na attajirin da ya raba saurayi da budurwar da ke son sa, da irin ɓarnar da ta biyo baya. A 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, inda 'yar masu hali ta zaɓi talaka mai ɗabi'a ta ƙi mai kuɗi, littafin kuma ya karɓu ƙwarai a hannun matasa. Fiye da rabin ƙarni ke tsakanin littattafan biyu, tambayar kuwa ɗaya ce: idan hali da aljihu suka tsaya a zaure ɗaya, wa ake shimfiɗa wa darduma?

A yau, ga ma'aikacin tarayya, katin shaidar aiki ne ke tsayawa a madadin aljihun. Kalmar "yana aiki a Abuja" takan gajarta bincike a gidaje da yawa, daga Jahun zuwa Fadaman Mada. Saurayin da ya ga haka yakan shagala, ya ɗauka girmamawar da ake yi wa ofishinsa halinsa ake yi wa. Alhali ƙasar Bauchi tana da abin da ya isa ya tuna mata bambancin. Mafi girman mai riƙe da muƙamin tarayya da ta haifa, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin garin, sauƙin kai da rashin tara abin duniya ne abin da ake fara ambata idan an tuna shi, shekaru da dama bayan kashe shi a Janairun 1966.

Auren da aka fara da gaskiya mai ɗaci

Bauchi ta taɓa gwada wani irin neman aure wanda ya juya tsarin da muka saba. A 2008, zamanin Gwamna Isa Yuguda, hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar, ƙarƙashin Dakta Rilwanu Mohammed, ta riƙa haɗa aure tsakanin maza da mata masu ɗauke da ƙwayar cutar. A watan Satumbar wannan shekara BBC ta ba da rahoton cewa an haɗa kimanin ma'aurata 70. Manufar ita ce a rage yaɗuwar cutar, a kuma fitar da masu ita daga kaɗaici da tsangwama, domin da yawa daga cikinsu ƙyamar jama'a ta sa ko su haƙura da aure, ko su ɓoye halin da suke ciki su auri wanda bai sani ba.

Shirin bai rasa masu suka ba. Wakilin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da cutar a Nijeriya a lokacin ya yi gargaɗin cewa ma'auratan na iya kasancewa da nau'o'in ƙwayar daban-daban, don haka auren bai ɗauke musu buƙatar kariya da shan magani ba. Gargaɗin yana kan hanya. Sai dai akwai darasi a cikin shirin da ya shafi kowane mai neman aure, mai lafiya da marar lafiya. Waɗannan mutane sun shiga neman ne ta ƙofar da saura suke gudu. Kafin mutum ya faɗi irin matar da yake so, ya riga ya faɗi abu mafi nauyi game da kansa. Kafin mace ta tambayi sana'ar mai neman ta, ta riga ta ajiye sirrin da ake kora mace daga ɗaki a kansa. Duk abin da ya biyo baya, na daɗi ko na wuya, a kan sani aka gina shi.

Daga baya hukumomi sun fara mayar da wani yanki na wannan gaskiya tilas. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin ƙwayar halitta. Dalilin a fili yake: idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na yiwuwar haifar mai sikila, kuma Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da wannan lalura. To amma abin da ke cikin jini kaɗai ɗakin gwaji yake iya gani. Babu na'urar da ke auna zafin rai, ko rowa, ko ƙarya, ko raini. Waɗannan mai su ne kaɗai ya san adadinsu, shi ma idan ya yarda ya duba.

Fom ɗin da ba a cikewa

Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin yadda ake bayyana kai a takarda. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta masa ya cike fom ɗin Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata idan ya kama aiki, da kuma duk bayan shekara huɗu, ya bayyana kadarorinsa da basussukan da ke kansa. A wurin zance kuwa, shafin kadarori kaɗai ake buɗewa.

Ga abin da ke shafi na biyu ga ma'aikata da yawa. Albashin da ake jin sunansa da girma a Bauchi, a Abuja bai kai ƙarshen wata ba, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk da ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024. Masu gidaje suna neman kuɗin hayar shekara guda, wasu ma biyu, a dunƙule. Mai cewa yana zaune a Abuja sau da yawa a Nyanya ko Mararaba ko Suleja yake kwana, wani lokaci ɗaki ɗaya da abokai. Akwai bashin ƙungiyar adashin ofis da ake zara tun kafin albashi ya shigo. Akwai ƙanne da ake biya wa makaranta. Hadimin minista ko na ɗan majalisa kuwa, wa'adin aikinsa a ɗaure yake da na maigidansa: ranar da aka sauke maigida ko ya faɗi zaɓe, motar ofis da alawus sun tafi tare da shi.

Babu abin kunya a cikin ko ɗaya daga waɗannan. Ɓoye su ne ke zama laifi. Yarinyar da aka yi wa alkawarin tarewa a Abuja, ta wayi gari a ɗaki ɗaya a gidan surukai a Bauchi, miji yana zuwa sau ɗaya a wata, idan ta yi ƙorafi sai a ce ba ta da haƙuri. Wata ƙila da an gaya mata gaskiya tun farko da ta yarda da zuciya ɗaya, domin mata da yawa suna riƙe irin wannan aure da mutunci. Wata ƙila da ta ce ba za ta iya ba, kowa ya kama gabansa ba tare da 'ya'ya a tsakani ba. Ko ta wace fuska aka duba, an karɓe mata zaɓin da yake haƙƙinta, sannan aka nemi ta biya da halin da shi mai neman bai nuna ba.

Mata ma suna da nasu shafi na biyu. Akwai wadda ta san ba za ta bar aikinta ba ko da sama da ƙasa za su haɗu, amma ta yi shiru har a ɗaura. Akwai wadda ta san ba ta iya zama da kishiya ko da uwar miji, ta ce komai ya yi mata. Akwai wadda ke neman miji mai gaskiya, ita kuwa tana karɓar hidimar samari uku. Ma'aikaciyar tarayya da ta fi mijin da za ta aura albashi tana da tambayar da ya kamata ta yi wa kanta tun kafin baiko: za ta iya riƙe wannan fifiko ba tare da ya fito a muryarta ba?

Haƙuri da raini

A cikin halaye goman nan babu wanda aka fi zalunta kamar haƙuri. Shi ne kalmar farko da ake faɗa wa amarya ranar kai ta, shi ne ta ƙarshe da ake faɗa mata idan ta yi yaji. Balaraba Ramat Yakubu ta nuna inda wannan yake kaiwa a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, labarin Rabi, matar ɗan kasuwar da ya yi watsi da ita da 'ya'yanta, ya kore ta saboda amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Haƙurin da ake nema daga gefe ɗaya kawai ya tashi daga ɗabi'a ya koma haraji. Namijin da ya sa haƙuri a saman jerinsa ya dace ya tambayi kansa dalili: zaman duniya ne ke buƙatarsa, ko kuwa ya san yana ɗauke da abin da sai an yi haƙuri da shi, kuma ba ya da niyyar gyarawa?

Masanin zaman aure John Gottman, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda ma'aurata ke magana da juna a Jami'ar Washington ta Amurka, ya gano cewa a cikin ɗabi'un da ke rusa aure babu wadda ta kai raini nuna cewa rabuwa na tafe. Wannan ya dace da abin da Bahaushe yake nufi da mutunci da kishiyarsa, cin mutunci. Raini kuwa ba ya jiran aure kafin ya bayyana. Yana nan a yadda mutum yake kiran masinjan ofis, da yadda yake amsa wa direba, da yadda murya take canzawa idan aka tashi daga gaban darakta aka juyo kan mai shara. Aikin hadimanci musamman yana koyar da ladabi ga na sama. Abin da ba ya koyarwa shi ne ladabi ga wanda ba ya iya yi maka komai, kuma cikin 'yan watanni da aure, a wannan sahu mata ko miji yake samun kansa idan ba a yi hattara ba.

Bincike ya fara daga gida

Al'adarmu ta tanadi bincike kafin a sa rana. Iyaye sukan aika a tambayi maƙwabta da abokai da liman: wane ne shi, ɗan wane ne, yana salla, yana shaye-shaye? Tsari ne mai hikima, ko da yake nisan Abuja ya raunana shi, don mutanen Unguwar Nassarawa ba su san abin da ɗansu yake yi a Kubwa ba. Wannan giɓi shi ya sa nauyin ya dawo kan mai neman da kansa.

Hanyar ba ta da wuya, ɗaci ne da ita. Mutum ya rubuta halayen da yake so a wurin wadda zai aura, ko wanda za ta aura, sannan a gaban kowanne ya kawo hujja daga rayuwarsa ta wata shidan da suka wuce. Yana son mai gaskiya: yaushe rabon da ya ce "ina hanya" alhali bai tashi ba? Yana son mai amana: akwai bashin da ya ci ya daina ɗaga wayar mai shi? Yana son mai tattali: zai iya faɗin inda albashin watan jiya ya tafi? Tana son mai tausayi: yaya take da yarinyar da ke yi musu aiki a gida? Wanda ya taɓa aure ya rabu yana da tambaya ta musamman: idan aka ba tsohuwar matarsa dama ta ba da labarin, wane sashe ne zai kasa musantawa?

Bayan haka sai a nemi shaidu waɗanda ba su da abin samu. Abokin da ke jiran a sa shi cikin kwamitin biki ba zai faɗi gaskiya ba. Ƙanwa za ta faɗa, abokin zaman ɗaki zai faɗa, haka ma tsohon malami. Abin da aka gano, wanda zai gyaru a fara gyara shi kafin a kai kuɗin gaisuwa, wanda ba zai gyaru da wuri ba a faɗe shi ga wanda zai zauna da shi. Wannan bai nufin mutum ya tona asirin da Allah Ya rufa masa na abin da ya wuce kuma ya tuba ba. Ana magana ne a kan abin da zai shiga ɗakin auren tare da shi: lafiyarsa, samunsa, bashinsa, inda za a zauna, iyalin da yake da su, da halin da ya san yana fama da shi.

Ba a neman wanda ya cika goma, don babu shi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya san nasa tudun yakan sassauta jerinsa inda ya kamata, ya tsananta inda ya kamata, kuma idan saɓani ya zo, wanda ba makawa zai zo, ya san ta inda zai fara neman gyara. Ranar ɗaurin aure waliyyai za su yi siga, shaidu su ji, a ambaci sadaki, a yi fatiha a watse. Ba wanda zai tambayi ango ko amarya abin da suka ɓoye wa juna. Wannan tambaya tun kafin ranar ake yin ta, kuma mutum shi yake yi wa kansa.